Motar Kara da Motar Cikin Kwali

Ina gaishe ku a duk inda kuke, na cikin garin Tambuwal da na Dogon Daji, na Jabo da na Sanyinna, da 'yan uwanmu na Kebbe da Kuchi. Ina gaida maigida da ke zaure da rediyo a gefensa. Ina gaida uwargida da ke tsakar gida, hannu na aiki kunne na saurare.

Yau maganar mota za mu yi. Ƙaramar mota, wadda ba ta shan fetur. Motar da yaro ke ƙerawa da hannunsa. Kuma roƙo ɗaya nake ɗauke da shi tun daga farkon shirin nan har ƙarshensa. Idan kun ga yaro yana ƙera mota, ku tsaya ku duba. Kada ku kore shi. Kada ku taka masa ita.

Bari in fara da abin da ya jawo zancen.

Kwanakin baya wani ɗan uwana ya dawo daga tafiya. Ya kawo wa ɗansa tsaraba a cikin kwali. A jikin kwalin akwai hoton wata baƙar mota, doguwa, mai jar fitila a goshi. Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya muna ganin hoton muka gane ta. Motar shirin talabijin ɗin nan ce, Knight Rider, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1982. Sunan motar KITT. A cikin shirin tana magana, tana tuƙa kanta, tana ceton maigidanta idan ya shiga tsaka mai wuya. A zahiri kuwa Pontiac Firebird Trans Am ce aka yi wa gyaran fuska. Wanda ya taɓa leƙen talabijin ta tagar gidan maƙwabta a wancan zamani zai tuna jar fitilar nan da ke kai da komo.

Yaro ya buɗe kwali yana murna. Sai murna ta koma ciki. Babu mota a ciki. Tarin gutsattsarin roba ne, kowanne manne a jikin wani siririn firam kamar 'ya'yan itace a reshe. Ga bodi shi kaɗai. Ga kujeru. Ga sitiyari ƙarami kamar kwabo. Ga injin an raba shi gida biyu. Ga tayoyi huɗu, ga gilas, ga takardar da aka zana yadda ake haɗawa. Wato mota ce aka ce ka haɗa da kanka.

To, bari in ɗan yi muku bayanin wannan abu, don ba kowa ya san shi ba.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, haɗa irin waɗannan ƙananan motoci sana'ar nishaɗi ce babba. Yara na yi, dattawa masu furfura ma na yi. Akwai kamfanonin da suka yi suna a kai, irin su Airfix a Ingila da Tamiya a Japan da AMT da MPC a Amurka. Sukan ɗauki awon motar gaske su rage girmanta sau 24 ko sau 25. Saboda haka motar da za ta cika gareji sai ta dawo ba ta fi taƙi ɗaya ba. Amma komai nata na nan daidai.

Aikin haɗawar yana son haƙuri. Za ka yanko kowane yanki da reza a hankali. Ka goge bakinsa da samfefa ya yi santsi. Ka gwada shi a gurbinsa tun kafin ka sa gam. Gam ɗin ma na musamman ne, yana ɗan narkar da robar ne har yanki biyu su zama ɗaya. Idan ka manna a karkace, to ta zauna a karkace ke nan. Bayan haka sai fenti. A fara shafa na ƙasa, a bari ya bushe. A bi da na sama, siriri siriri, sau biyu ko sau uku. Mai gaggawa kan bar shatin yatsarsa a kan bodi. A ƙarshe a jiƙa 'yan tambarin motar a ruwa a zame su a inda ya dace.

Kun ji aikin ke nan. Yanzu ku saurari abin da ya faru a gidan ɗan uwan nan nawa.

Mu manya muka zagaye kwali muna juya takarda. Sai ga wani yaro ɗan maƙwabta ya shigo, yana jaye da motarsa ta gwangwani. Shekarunsa ba su fi goma sha biyu ba. Bai karanta Turancin takardar ba. Zanen kawai ya duba. Ya ɗauki sandar da ke riƙe tayoyin baya ya juya ta, ya ce a nan za ta zauna. Ya hana a sa gam. Ya ce a fara gwadawa tukuna a ga ko ta hau. Babu wanda ya koya masa wannan ƙa'ida. Motocin da ya ɓata a baya su suka koya masa. Da aka gama haɗa bodi, sai ya leƙa cikin goshin motar ya ce akwai wurin da ƙwan tocila zai shiga, idan aka sami ƙaramin batir.

Jama'a, tun ranar nake tunanin yaron nan. Shi ya sa na ce idan kun ga yaro yana ƙera mota, ku tsaya ku duba.

Bari mu dawo gida yanzu, mu yi maganar tamu motar.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tambuwal ya san lokacin. Kaka ta yi, an girbe gero da dawa, kara ya cika gona da bayan gida. Sanyin hunturu ya fara busawa. A lokacin ne masana'antar yara ke buɗewa a gindin bishiya. A zaɓo kara miƙaƙƙe, busasshe, wanda ƙwaro bai ci ba. A feƙe ɓawonsa siri siri. Ɓawon shi ne ƙusa, shi ne sanda. Totuwar ciki kuwa ita ce katako, mai laushi, tana karɓar duk abin da aka soka mata. Inda ake son ƙarfi sai a nemo ƙayar aduwa. Da haka ake tada bodi, a yi kan mota, a yi ƙofa, har da tsani a baya.

Wanda ya ƙware a kara sai ya haura zuwa gwangwani. Gwangwanin madara, na tumatir, na kifi, duk suna da amfani. A fasa, a buɗe, a daddake da dutse ya miƙe. A huda da ƙusa, a ɗinke da waya. A yanko taya daga tsohon silifa, ko a haɗa marfin kwalba biyu. A tsinko roba daga tsohon tub a ɗaure ƙasan mota da ita, don ta riƙa lilo idan ta hau gargada. Wannan fa shokozoba ke nan. Daga nan sai doguwar waya ko sanda ta taso daga tayoyin gaba har ƙugun yaro, a lanƙwasa kanta ya zama sitiyari. Yana tafe yana murzawa, tayoyin gaba na juyawa dama da hagu. Ku yi tunanin wannan da kyau. Yaron da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ya gano yadda juyin hannu zai isa ga taya.

Kuma ina yake samo samfuri? A bakin titi. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari, ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, makaranta ce a wurin yaran nan. Gingimari na wucewa da lodin albasa. Tirela na wucewa da shanu za ta Kudu. Ga tifa, ga tankar mai, ga a-kori-kura. Yaro na tsaye yana ƙirga tayoyi. Yana lura da inda aka rataye safaya. Yana kallon zanen da aka yi wa bodin katako da rubutun da ke goshi. Gobe sai ka gan su a jikin tasa motar.

Ga bambancin da nake so ku riƙe. Yaron da aka saya wa mota a kwali an ba shi komai a yanke, nasa haɗawa ne. Yaronmu kuwa shi ne mai zane, shi ne mai neman kaya, shi ne mai yanka, shi ne mai haɗawa. Idan ta lalace shi ne bakanike. Ban raina motar kwali ba. Tana koyar da tsari da bin awo da tsabtar aiki, kuma muna buƙatar waɗannan ƙwarai. Amma aikin da yaronmu ke yi a gindin bishiya ya fi wuya. Mu ne dai muka saba ganinsa har ya daina ba mu mamaki.

Yanzu bari in juya ga ɓangaren da ya fi burge ni, wato ƙawata mota da sauya mata kama.

Masu haɗa motocin kwali ba su tsayawa ga abin da takarda ta ce. Wani zai ciro tayoyin wata mota ya sa wa wannan. Wani zai yanke rufi. Wani zai sa wa KITT ƙananan fitilu na gaske, masu bin juna suna kai da komo kamar a talabijin. Kamfanin AMT ya gane wannan sha'awa tun a 1958, ya fara sa ƙarin kaya a kwali ɗaya, don mutum ya zaɓa. Ko ya haɗa motar yadda ta fito daga masana'anta, ko ya ƙawata ta, ko ya mai da ita ta tsere.

Su kansu motocin talabijin ta haka aka same su. Ku ɗauki motar Batman ta shirin 1966. Asalinta wata mota ce ta gwaji mai suna Lincoln Futura, wadda kamfanin Ford ya ƙera a 1955. Ta gama yayinta, an ajiye ta. Wani maƙerin motoci a Kalifoniya, George Barris, ya saye ta a kan dala ɗaya tak. Da masu shirin suka zo neman mota cikin gaggawa, shi da yaran garejinsa suka sauya mata kama cikin 'yan makonni. A 2013 aka yi gwanjonta, ta haura dala miliyan 4. Tsohon abu ne da aka yasar, hannu da basira suka tashe shi.

To, mene ne bambancin wannan da yaron da ya tsinci gwangwani a bola? Shi ma yasasshen abu ya ɗauka. Shi ma bai yarda motarsa ta yi kama da ta abokinsa ba. Zai liƙa mata takardar alawa mai ƙyalli. Zai rataya mata tuntu na zare. Zai sa madubi da fasasshen gilas. Zai rubuta mata suna da gawayi ko ragowar fenti. Basira iri ɗaya ce, kayan aiki ne suka bambanta.

Na san wani na saurare yana cewa, Malam, duk wannan ai wasan yara ne. Wa ya taɓa cin abinci da motar kara? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na nan kusa da mu.

Kun san sunan Jelani Aliyu. Asalin gidansu Dogon Daji ne, a nan ƙaramar hukumar Tambuwal. An haife shi a 1966. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine. Ya sha faɗa a hirarraki cewa tun yana yaro zanen motoci ne abin da ya fi so. Da tallafin karatu na jihar Sakkwato ya tafi birnin Detroit na Amurka, cibiyar masana'antar motoci, ya karanta zanen mota. Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt, mai aiki da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci. A zamaninsa ne aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a 2021.

Ɗan ƙasar nan ne, jama'a. Sha'awar da ta kai shi Detroit ita ce muke gani a hannun yaran unguwarmu. Shi ya sami waɗanda suka tsaya suka duba, suka ba shi hanya.

Kuma ku ji wani abin. A manyan kamfanonin mota, har yau, kafin a ƙera sabuwar mota sai an fara gina ta da wani irin yumɓu na musamman. A yi ƙarama, a duba, a gyara. Sa'an nan a yi babba daidai girman ta gaske. Manyan ƙwararru ne ke zaune suna kankare yumɓu da hannu, ana biyansu albashi mai tsoka. Idan damina ta sauka, yaranmu ma da laka suke gina mota a bakin tafki.

Shi kamfanin General Motors bai bar abin ga sa'a ba. Daga 1930 har zuwa 1968 ya riƙa shirya gasa ta matasa. Da farko keken doki suke ƙerawa ƙarami, daga baya aka koma ƙananan motoci na zanen kansu. Wanda ya yi nasara a ba shi kuɗin karatun jami'a. Daga cikin yaran gasar nan aka sami waɗanda suka zama manyan masu zanen motoci. Ɗaya daga cikinsu, Chuck Jordan, har ya shugabanci sashen zane na kamfanin baki ɗaya. Sun san inda ake haƙo gwani, sai suka je can da wuri.

Yanzu bari in saurari iyaye, domin suna da hujja, kuma ba zan tsallake ta ba.

Uwa za ta ce gwangwani na yanka hannu. Gaskiya ne. Yankan tsohon ƙarfe ba abin wasa ba ne, yana iya jawo ciwon nan mai sandarar da jiki da ƙulle haƙora. Saboda haka idan yaro ya yanke, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba maganar allurar rigakafi. A koya masa lanƙwashe bakin gwangwani. Ƙaramin yaro a bar shi a kan kara da kwali, reza kuma sai a gaban babba. Kada a bar su suna fasa tsohon batir ko ƙona roba.

Uba zai ce motar na hana yaro makarantar allo da ta boko, tana hana shi kiwo da aike. Wannan ma gaskiya ce idan aka sake masa. Maganinsa a yanka masa lokaci. Idan ya dawo makaranta, ya yi aikin gida, sauran yammacin nasa ne. Har ma motar na iya zama ƙofar karatu. Ka ce ya auna tsawonta da rula. Ka ce ya zana ta a takarda kafin ya yanka. Ka tambaye shi me ya sa take kifewa idan lodi ya yi sama. Lissafi da kimiyya ke nan suka shigo ta hanyar da yake so.

Abin da ba na so shi ne a taka. Ina faɗin haka ne da sanin zafinsa. Ina yaro na shafe kwanaki ina gina wata tirela ta kara mai tayoyi goma. Wani babba a unguwarmu ya same ni a kanta, ya ce aikin banza nake yi, ya sa ƙafa. Ban sake ƙera wata ba. Na yafe masa tuntuni, don a ganinsa gyara ni yake yi. Amma har yau ina jin ƙarar karan nan. Allah kaɗai ya san yawan hannayen da aka kashe wa gwiwa ta wannan hanya a garuruwanmu.

Akwai kuma wani abin da ke damuna. Motar kara na raguwa. Motocin roba na kasuwa sun cika ko'ina, an gama komai, yaro ja kawai zai yi, kwana biyu ta karye a yar. Waya kuma ta zo ta ɗauke idon yara da yatsunsu. Ban ce a hana su ba. A cikin wayar ma akwai bidiyon da ke koya yadda ake sa wa ƙaramar mota injin daga tsohuwar rediyo. Amma kallo kaɗai ba ya sa hannu ya ƙware. Sai an riƙe, an yanka, an ɓata, an sake.

To, me za mu yi? Abin da zan roƙa bai fi ƙarfinmu ba.

Malaman firamare na Tambuwal da Kebbe, ku ware rana ɗaya a zangon hunturu, kowane yaro ya zo da abin da ya ƙera. A jera a filin makaranta, a gayyato iyaye. A sa 'yan mata a ciki, domin basirar hannu ba ta maza kaɗai ba ce. Kyautar ba sai ta yi tsada ba. Rula da fensir da littafin zane sun isa su sa yaro ya kwana yana murna.

Kanikawa da masu walda da kafintoci na bakin tasha, ku ne alƙalan da suka dace da wannan gasa. Idan yaro ya zo yana leƙen garejinku, ku ba shi guntun waya, ku nuna masa yadda sitiyarin gaske ke aiki. Masu hali da 'yan siyasarmu, idan za ku yi wa makaranta alheri, ku tuna da akwatin kayan aiki. Wanda ya sami zarafin sayo motar kwali, ya sayo, ya zauna da yaran su haɗa tare. Sa'an nan ya ce su je su yi irinta da kara.

Iyaye kuma, naku ya fi sauƙi, ya kuma fi na kowa nauyi. Yau da yamma, idan ɗanka ya shigo yana jaye da motarsa, kira shi. Ka karɓa ka juya ta a hannunka. Ka tambaye shi yadda ya yi tayoyin suke juyawa. Ka saurari amsarsa har ƙarshe. Ke kuma uwa, ki samo masa wuri a ɗaki inda zai ajiye ta, inda akuya ba za ta ci ba, ƙafa ba za ta taka ba.

Jama'a masu sauraro, idan kun ga yaro yana ƙera mota, ku tsaya ku duba. Allah ya raya mana su, ya sa albarka a hannuwansu.